Tallafin korona ga manoman Amurka: kyauta ce ko rance, kuma wa ya samu?

Malam Habu Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman Malam Sanusi. Ana ta cewa lokacin korona gwamnatinsu ta zuba wa manoma kuɗi a asusun banki, kuma wai kyauta ce, ba rance ba. Da gaske ne? In haka ne, ta yaya suka bambance manomin gaskiya da manomin takarda?

Nura Ɗandume:
Baba Habu ai ba sai an tambaya ba. Can sun san darajar manomi. Kowa ya samu, babba da ƙarami.

Sanusi Nebraska:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Kyauta ce, ba a biya. Amma Nura, maganar kowa ya samu ɗin nan ka jingine ta tukuna.

Ni ba manomi ba ne a nan, direban babbar mota ne. Ina kai abincin dabbobi wuraren turkar shanu a gundumar Dawson, tsakiyar jihar Nebraska, a gaɓar kogin Platte. Ƙasar masara ce da ciyawar alfalfa da shanu, hedikwatarta Lexington. To sai ka san irin asarar da aka yi kafin ka gane yadda aka raba kuɗin.

A watan Afrilun 2020 cutar ta shiga cikin ma'aikatan manyan mayanka. Wasu mayankan aka rufe su na ɗan lokaci, wasu suka rage aiki. Shanu sun isa yanka, babu inda za a kai su. Na sha shiga da mota in tarar da bijimai masu kilo 600 da ɗoriya cike da shinge, sun wuce lokacinsu da makonni, kitse ya taru musu a ƙirji, da ƙyar suke tasowa zuwa kwamin abinci. Kullum sai sun ci, kullum kuɗinsu raguwa yake. Mai su yana tsaye jikin ƙarfe yana danna waya, yana neman wanda zai ba shi ranar ɗauka.

Masara ma haka. Kusan kashi 40 cikin ɗari na masarar ƙasar nan man itanol ake tatsa da ita, a gauraya da fetur. Da mutane suka zauna gida, fetur ya yi kwantai, masana'antun suka tsaya ko suka rage. Jiƙaƙƙiyar dusar da ke saura bayan an tatse man, wadda ita muke kai wa shanu da ɗuminta, sai ta yi wuya. Farashin masara ya faɗo wajen dala 3 a kan awon bushal, wato kimanin kilo 25.

Dakta Isiyaku Samaru:
Bari in ƙara wa Malam Sanusi da lissafi. Sunan shirin CFAP, wato shirin tallafin abinci na korona. Ranar 17 ga Afrilu 2020 aka sanar da shi, zamanin Trump, lokacin Sonny Perdue ne sakataren noma. Dala biliyan 19 aka ware: 16 a ba manoma kai tsaye, 3 a sayi kayan lambu da madara da nama a raba wa mabuƙata a kwalaye. Ranar 26 ga Mayu aka fara karɓar takardun neman. A watan Satumba aka buɗe zagaye na biyu da abin da ya kai biliyan 14. Da aka haɗa da ƙare-ƙaren da gwamnatin Biden ta yi a 2021, jimilla ta doshi biliyan 31.

Malam Habu Funtuwa:
Tabɗi! Allah ya ƙara sani Dakta. Amma har yanzu ba a taɓa inda ke min ƙaiƙayi ba. Wa ya rubuta sunayen? Kansila? Mai unguwa? Shugaban jam'iyya?

Sanusi Nebraska:
Babu ko ɗaya Malam. Ba lokacin korona aka rubuta su ba, shi ne sirrin. Akwai wata hukuma a ƙarƙashin ma'aikatar noma, FSA, tana da ofis a kusan kowace gunduma ta karkara. Kowace gona da ke hulɗa da su tana da lamba, da taswirarta da aka ɗauka daga sama. Duk shekara, kafin 15 ga Yuli, manomi yana zuwa ya faɗa musu: wannan fili eka kaza masara na shuka, wancan waken suya, ga ranar shukar. Wani tun kakansa ake wannan a kan gona ɗaya. Don haka da annoba ta zo ba a kafa kwamiti ba, ba a ɗauki masu zagayawa da biro ba. Ofis ma a kulle yake, sai dai ka buga waya a ba ka lokaci. Ka cike fom, ka sa hannu, ka tura ko ka jefa a akwatin ƙofa. Kuɗi su faɗo cikin asusun da dama suna da shi. Kashi 80 aka fara biya don gudun kar kuɗin su ƙare, daga baya aka cika sauran 20.

Kuma kowane ofis yana da kwamitin gunduma, manoman yankin ne ke zaɓensu daga cikinsu. Tsarin ya samo asali tun shekarun 1930. Mutanen da suka san gonarka ne, sun san garkenka.

Hajiya Rabi Jos:
Sannunku da ƙoƙari. Ni masu kaji nake son ji. A kullen nan ƙwai ya taru mana, motocin da ke kwasa zuwa Kano da Abuja suka tsaya, wanda ya fita kuma shingaye sun cinye ribar. Kiret-kiret muka riƙa bayarwa a unguwa kafin ya lalace. Su masu kajin can nawa aka ba su a kan kowace kaza?

Dakta Isiyaku Samaru:
Hajiya, a zagayen farko mafi yawan masu kiwon kajin nama ko sisi ba su gani ba. Dalili kuwa, a Amurka galibinsu kajin ba nasu ba ne. Kamfani ne ke kawo 'yan tsaki da abinci, kai naka gina ɗaki da wuta da ruwa da wahala, a biya ka ladan reno. Doka ta ce sai mai dabba. To da kamfanoni suka rage kawo 'yan tsaki, mutum ya zauna da ɗakuna fayau da bashin banki a wuya, kuma a takarda ba shi da kaza ko ɗaya. Sai a 2021 aka shigar da su.

Hajiya Rabi Jos:
Ikon Allah. Ashe ko can ma akwai mai kuka.

Nura Ɗandume:
To amma dai ƙaramin manomi ya samu ko? Mai eka goma, mai shanu ashirin?

Sanusi Nebraska:
Ya samu in ya nema, amma gwargwadon abin da yake da shi. Ga yadda aka yi na shanu a zagayen farko: duk san turka da ka sayar tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, dala 214. Wanda ke hannunka bayan nan, dala 33 a kan kowane kai. Ka ɗauki mai shanu 20 da bai sayar ba, dala 660 ke nan. Mai dubbai kuwa sai ya tuƙe da iyaka, dala 250,000. In kamfani ne mai masu hannun jari uku da kowannensu ke aiki a gonar awa 400 a shekara, ya kai 750,000.

Ranar 15 ga Afrilun nan ma ta jawo surutu sosai a wajenmu, don bayanta ne farashi ya fi lalacewa. Akwai wani dattijo da nake kai wa dusa, shanunsa sun isa tun tsakiyar Afrilu amma bai samu ranar ɗauka ba sai cikin Mayu, ya sayar a mafi munin farashi, ya tashi da 33. Maƙwabcinsa da ya sayar a Maris da ɗan dama-dama ya karɓi 214. Duk lokacin da na sauke masa kaya sai ya tayar da maganar. A 2021 aka ƙara musu dala 63 a kan san turka.

Alhaji Garba Dawanau:
Assalamu alaikum. Na karanta daga sama har ƙasa. Ni ban ga laifi ba a ba kowa daidai abin da yake nomawa. Wannan ba zakka ba ce, ba sadaka ba ce, cike gurbin asara ne. Wanda ya yi asarar miliyan ba za ka ba shi daidai da wanda ya yi asarar dubu ba. Kuma mu faɗi gaskiya, wa ke cika kasuwa? In mai tirela hamsin ya durƙushe, gari zai ji a tukunya. In mai buhu biyar ya durƙushe, gidansa ne kawai zai ji.

Maryam 'yar Kumasi:
Alhaji, da girmanka, gidansa kawai ɗin nan mutane ne a ciki. Mai tirela hamsin yana da banki, yana da inshora, yana da filin da zai jinginar. Shekara ɗaya ba ta kai shi ƙasa. Ƙaramin ne in ya faɗi ba ya tashi, gonar ma babban ne zai saye ta.

Kuma akwai waɗanda har yanzu ba wanda ya ambata. Ƙanena a wata mayankar kaji yake aiki a wata jiha, ba zan faɗi sunan wurin ba. Ranar 28 ga Afrilu 2020 Trump ya sa hannu a umarnin cewa mayanka su ci gaba da aiki. Su waye a ciki? Somaliyawa, 'yan Sudan, 'yan Meziko da Guwatemala, da irin namu. Kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa cikin sanyi, wuƙa a hannu, naman yana gudu a gabansu. Ya kamu, ya kwaso wa matarsa. Allah ya tashi kafaɗunsu, amma akwai abokan aikinsa da ba su tashi ba. A cikin biliyoyin nan na manoma babu kwabonsu, don ba su da saniya, ba su da eka.

Sanusi Nebraska:
Gaskiya Yaya Maryam ta faɗa. A masallacinmu yawancin sahu ma'aikatan mayanka ne, kuma azumin shekarar kusan kowane gida akwai mai jinya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Malam Habu Funtuwa:
Amin ya Allah.

Alhaji Garba Dawanau:
Allah ya jiƙansu. Amma Hajiya Maryam kin haɗa abu biyu. Lebura haƙƙinsa yana kan wanda ya ɗauke shi aiki. Kuma na ji an raba wa kowa dala 1,200, ba su samu ba?

Maryam 'yar Kumasi:
Masu cikakkun takardu sun samu, kamar yadda mai shago da malamin makaranta suka samu, har shi kansa manomin in kuɗin shigarsa bai wuce iyaka ba. Marasa lambar zaman ƙasa ba su samu ba, kuma su ne da yawa a gonakin kayan lambu da wuraren tatsar madara.

Dakta Isiyaku Samaru:
Maganar Alhaji tana da ƙafa, amma ba duka ba. In manufa ita ce kar abinci ya yanke, to biyan gwargwadon amfani yana da hujja. Sai dai alƙaluman da aka fitar a watannin farko sun nuna kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka biya sun kwashe sama da kashi 20 na kuɗin. Kuma ba a tambayi kowa ko yana cikin matsi ba. Sharaɗin da ya shafi samu kawai shi ne kuɗin shigarka kar su wuce dala 900,000 a shekara, in ma sun wuce, muddin kashi 75 daga noma suke fitowa, ka tsallake. A 2020 kuɗin da gwamnati ta ba manoma kai tsaye, in an haɗa duk shirye-shirye, sun haura dala biliyan 45. Daga kaka kuma farashin masara da waken suya ya tashi saboda Chaina ta shigo saye da ƙarfi. Wasu manya sun rufe shekarar annoba da ribar da suka daɗe ba su ga irinta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na nama. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 na shanun turka a ƙasar. A watan Mayun 2020 farashin sarin naman da mayanka ke fitarwa a kwali ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, a daidai lokacin da farashin sa a tsaye ya faɗi. Makiyayi ya yi asara, mai cefane ya sayi da tsada, gwamnati ta ɗebo kuɗin jama'a ta toshe ramin, shi kuwa ramin ba a taɓa abin da ya haƙa shi ba.

Mahamadu Maraɗi:
Ina gaida mutanen zaure. Mu nan Nijar abin da na riƙe, gwamnatin Issoufou ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na wata biyu, Afrilu da Mayu. To manomin ƙauye da ba shi da mita fa? Ga iyaka da Najeriya a rufe tun Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, masu wake da albasa da dabbobi sun ji jiki. Tambayata ga Malam Sanusi: wanda ke noma gonar da ba tasa ba, shi ake ba ko mai gonar? Don wajenmu da yawa aro ne ko jingina.

Sanusi Nebraska:
Malam Mahamadu, wanda asarar za ta faɗa kansa shi ake ba. In haya ka kama da tsabar kuɗi, naka ne kai mai noman, mai fili ba ruwansa tunda kuɗin hayarsa ba ya canzawa. In kuwa kashi-mu-raba kuke yi, kowa a ba shi daidai kasonsa. Duk yana rubuce a fayil ɗin gonar. Sai dai masu fili ba barci suke ba, sun san abin da ka karɓa, kuma masu haya suna ƙorafin cewa lokacin sabunta yarjejeniya ake fanshewa.

Nura Ɗandume:
Ta yaya za su san abin da ka karɓa?

Sanusi Nebraska:
A intanet yake. Akwai wata ƙungiya mai zaman kanta, EWG, tana karɓo bayanan daga gwamnati ta wallafa. Ka zaɓi jiha, ka zaɓi gunduma, ka ga sunayen gonaki da abin da aka biya su shekara da shekaru. Manoman ba sa son abin ko kaɗan, amma yana nan.

Nura Ɗandume:
Wallahi wannan kaɗai za a yi mana da an huta. A manna a ƙofar sakatariya: wane buhu kaza, wane naira kaza. Mu me muka gani? An ce an fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun gwamnati, an ce an rage buhun taki daga naira 5,500 zuwa 5,000. Sai a Oktoban 2020 da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Kaduna da sauran garuruwa, kowa ya ga kayan tallafi jibge.

Hajiya Rabi Jos:
Kuma naira biliyan 50 ɗin da Babban Bankin Najeriya ya fara warewa rance ne, da ruwan kashi 5. Mutane da yawa sun karɓa a zaton rabon gwamnati ne, daga baya aka zo ana neman a biya.

Alhaji Garba Dawanau:
To kun gani. Ku da kuke sukar na Amurka, ko rabin rabinsa aka yi mana ai da mun gode Allah. Su can aƙalla ba wanda ya yi ƙarya ya karɓa.

Dakta Isiyaku Samaru:
A'a Alhaji, an yi. Manomi da kansa yake rubuta yawan shanunsa ko hatsin da ke rumbunsa, ba a neman shaida sai daga baya in bincike ya faɗo kansa. Ofishin binciken kuɗi na majalisarsu, GAO, ya fitar da rahoto a 2022. Ya zaɓi wasu da yake ganin akwai alamar tambaya a kansu, fiye da rabinsu ba su kawo takardun da suka gamsar ba. An gurfanar da wasu a kotu kan shanun da babu su. Bambancin shi ne akwai fayil da za a koma a duba.

Rajistar ma ba kowa ta ɗauka ba. Manoma baƙaƙen fata sun daɗe suna ƙarar ma'aikatar noma kan hana su rance da jan ƙafa a ofisoshin gunduma, har aka yi sulhu a shari'ar Pigford a 1999. Wanda aka wulaƙanta ubansa a ofis ba lallai ya je ya yi rajista ba. Tom Vilsack, sakataren noma na Biden, da bakinsa ya ce a 2021 abin da ya kai hannun baƙaƙen manoma bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari na tallafin ba. A Maris ɗin shekarar majalisa ta ware kimanin dala biliyan 4 don yafe wa irinsu bashi, wasu fararen manoma suka kai ƙara, kotuna suka dakatar, a Agustan 2022 aka soke sashen aka sauya shi da wani tsari.

Malam Habu Funtuwa:
Ni abin da nake ta juyawa, kwamitin nan na manoma. A wajenmu in aka ce a zaɓi mutum biyar su tantance, ina tsoron masu manyan gonaki ne za su hau, su da surukansu.

Sanusi Nebraska:
Tsoronka a kan hanya yake Malam. Ƙorafin da baƙaƙen manoman kudu suka yi ta yi ke nan shekara da shekaru. A nan ma na ga 'yan ci-rani masu ɗan fili a bayan gari, suna kiwon awaki da tumaki, mu muke sayen na layya a wajensu. Na tambayi biyu daga cikinsu, ba wanda ya taɓa taka ofishin. Ɗaya ya ce bai san da shi ba, ɗayan ya ce ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. Alhali tumaki suna cikin jerin tun zagayen farko.

Alhaji Garba Dawanau:
Wanda bai je ya nema ba ai ba za a ce an hana shi ba. Ni dai ina nan a kan bakana. A fara tsare masu ciyar da ƙasa, sauran a bi su da wani shiri daban.

Maryam 'yar Kumasi:
An bi su Alhaji, bari in faɗa maka yaushe. Mai shanu ya cike fom a ƙarshen Mayun 2020, a watan Yuni kuɗi suka fara shiga. Shirin ma'aikatan gona da na mayanka sai a Satumban 2021 aka sanar da shi, dala 600 sau ɗaya tak, kuma ba ta ofishin gwamnati ba, sai ka nemo wata ƙungiya da aka ba kwangilar rabon, ka kai shaidar albashi. Ƙanena sai a 2023 ya karɓi nasa. Dala 600 ba su kai abin da aka biya a kan bijimai uku ba.